Baje Kolin Abuja: Har Yaushe Za Mu Zauna A Matsayin 'Yan Kallo?

Duk shekara in damina ta fara ja da baya, watan Satumba ya doshi ƙarewa, sai gardama guda ta dawo majalisunmu, tun daga bakin kara har teburin mai shayi: shin zuwa kasuwar baje koli ta duniya da ake ci a hanyar filin jirgin sama yana da wani amfani, ko ɓarnar kuɗin mota ce kawai? Mun saurari kowane ɓangare har mun ƙoshi. Masu cewa a zauna gida sun fi yawa, sun kuma fi ɗaga murya. Masu zuwa kuwa, da yawansu in ka leƙa ledar da suka dawo da ita, sai ka ce gara ma waɗanda suka zauna. Matsayinmu a wannan shafi a fili yake: a je. Amma a je da kaya a hannu da suna a allo. Zuwan kallo ya ishe mu haka nan.

Ga wanda bai san ta ba, wannan kasuwa Cibiyar 'Yan Kasuwa da Masana'antu ta Abuja ce ke shirya ta a filinta da ke kan babban titin Umaru Musa 'Yar'aduwa, wajen Lugbe. Takan fara a ƙarshen Satumba ta shiga farkon Oktoba, tana ɗaukar fiye da mako guda, hutun ranar 1 ga Oktoba yana faɗawa a cikinta. A 2025 aka ci ta karo na 20. Tana da 'yan'uwa da muka sani tun muna yara: ta Kaduna da ake ci a farkon shekara, ta Kano da ke hanyar gidan zu a ƙarshen shekara, da ta Legas da ake yi a watan Nuwamba. Manyan kamfanoni irin su Dangote suna kafa rumfuna, hukumomin gwamnati irin su Babban Bankin Nijeriya suna ɗaukar rana ta musamman su yi wa jama'a bayani, gwamnatocin wasu jihohi suna kawo abin da suke alfahari da shi, sannan akan samu baƙi daga ƙasashen Afirka ta Yamma irin su Ghana, har da na nesa da suka tsallako teku.

To, me masu ƙin zuwa ke cewa? Ba za mu rage musu hujja ba. Suna cewa nisa: daga nan ko ka bi ta Kubwa ka shiga gari ka fita ta ƙofar birni, ko ka zaga ta Zuba da Giri, sai ka sauya mota, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma. Suna cewa yinin da mai tumatir ya bar kwandonsa, ko mahauci ya bar teburinsa, yini ne da babu mai biyansa. Suna cewa kayan can ba su fi na nan araha ba, domin mai rumfa sai ya fanshe kuɗin rumfarsa a jikin mai saye. Wasu kuma suka ce ai wuri ne na kiɗa da lasifika da masu tallan maganin gargajiya mai warkar da cuta arba'in a kwalba ɗaya. Akwai ma mai cewa, Malam, wace kasuwar duniya kuma? Ai mu a cikinta muke kwana. Ga kasuwar kayan gini, ga ta katako, ga kara, ga ta tumatir, ga panteka, ga ta 'ya'yan itatuwa a Zuba nan kusa.

Da yawan wannan magana gaskiya ce, kuma shi ya sa take da haɗari. Wanda zai kashe kuɗin mota ya je ya sayo bokitin roba da turaren da zai samu a Wuse, lalle ya yi asara, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sai dai duk wannan lissafi, lissafin mai saye ne. An ɗauki baje koli a matsayin wurin da za a je a kashe kuɗi, aka auna, aka ga bai biya ba. Mu kuwa yaushe muka zama masu saye? Mutanen da ke kwana a kan tirelar shanu daga Maigatari da Potiskum da Mubi, waɗanda ke sauke tumatirin Kadawa da albasar Aliero tun kafin a kira asalatu, su ne za su tsaya suna tambayar ko akwai araha a baje koli? Tambayar ɗan kasuwa ita ce: wa zan gani a can wanda ba zai taɓa tako ƙafarsa Dei-Dei ba, kuma me zan nuna masa?

A nan ne abin yake mana ciwo. A zagaya filin nan tun daga ƙofar shiga har ƙarshensa, a nuna mana allo guda da aka rubuta sunan ƙungiyar dillalan dabbobi ta Dei-Dei, ko ta mahauta, ko ta masu kayan gwari. Naman da ake ci a otal-otal na Maitama da Asokoro, a tambaya daga ina yake fitowa. Amma mai otal bai san Sarkin Fawa ba. Wanda ya sani shi ne wani mai kamfani da ke da takardar rajista da katin adireshi da rasit mai hatimi, wanda zai zo nan da safe ya saya a hannunmu, ya kai can da rana ya ninka. Ba mu zarge shi da komai ba, neman halalinsa yake yi, kuma ya yi abin da ya kamata. Amma dai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Irin wannan mutum shi ke da rumfa a baje koli. A can yake haɗuwa da mai sayen kayan abinci na makaranta ko asibiti ko gidan saukar baƙi, su yi musayar lamba, shekara ta zagayo yana kai kaya. Mu muna nan muna jiran ciniki ya biyo mu cikin taɓo.

Masu cewa a cikin kasuwar duniya muke kwana su tsaya su yi tunani a kan wa ke shigowa cikinta. Mai shigowa Dei-Dei ya riga ya san abin da yake nema, ya san farashi, ya zo ne ya taya ya rage. Ba a samun sabon abokin ciniki mai nauyi ta haka sai da sa'a. Kuma babu wanda zai kawo maka injin da ba ka taɓa gani ba har bakin rumfarka. Mai tumatir da ke zubar da ruɓaɓɓe duk yammacin Allah saboda kwandon gargajiya yana matse na ƙasa, ya kamata ya ga akwatunan roba da ake jerawa ba tare da na sama ya danne na ƙasa ba, ya ji nawa ne, ya ji ko ana ba da haya. Ya kamata ya ga na'urar busar da tumatir da barkono mai aiki da hasken rana, da ɗakin sanyi da ba ya jiran wutar lantarkin gwamnati. Mai kilishi ya ga injin da ke like leda ya zuƙe iska. Mai niƙa ya ga injin da ba ya cin dizal kamar wanda yake fama da shi. Ba mu ce duk shekara za a tarar da kowanne daga cikinsu ba, kuma ba mu ce duk abin da aka nuna mai kyau ba ne. Amma gani ya kori ji, kuma wanda bai je ba ko ji ɗin ma ba zai samu ba.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne jin kalmar nisa daga bakin Bahaushe. Kakanninmu da jakuna da takarkarai suka riƙa tashi daga Kano da Katsina su nufi Gwanja, su yi watanni a hanya kafin su isa Salaga, su kai kanwa da tufafi da fata su dawo da goro. Madugu yana gaba, ayari yana biye. Zangon Kumasi da Sabon Ibadan ba daga sama suka faɗo ba, fatauci ne ya kafa su. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro a ƙasar Gwanja ya fara kafin a san shi da gyaɗa. Mu kanmu da ke wannan unguwa, akwai wanda aka binne cibiyar kakansa a nan? Daga Kano, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Maraɗi da Damagaram muka taso muka biyo kasuwa, tun gwamnati na shirin tarewa Abuja har ta tare a Disambar 1991. Mutumin da ya baro Illela ya zo Dei-Dei neman abinci, yau shi ke cewa Lugbe ta yi masa nisa. Haba jama'a!

Mu dubi maƙwabtanmu na kasuwar kayan gini. Da yawansu har birnin Gwanzu na ƙasar Sin suke zuwa, inda ake cin wata baje koli sau biyu a shekara tun 1957, su ga mai masana'anta ido da ido, su yi ciniki ba tare da ɗan tsakiya ba. 'Yan'uwanmu na Kantin Kwari ma sun daɗe da gane wannan hanya. Babu wanda ya ce musu tikitin jirgi ɓarna ne, domin sun san abin da suka je nema. Wanda bai iya cin moriyar baje kolin da ke bayan gidansa ba, ta yaya zai ci ta wata ƙasa?

Ga kuma abin da ke tafe. A Maris na 2018 aka ƙulla yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka a Kigali. Nijeriya ta sa hannu a Yamai a Yulin 2019, aka kuma buɗe ciniki a ƙarƙashinta a ranar 1 ga Janairun 2021, hedikwatarta tana Accra. Akwai babbar baje koli ta nahiyar baki ɗaya da aka fara a Alƙahira a 2018, aka yi a Durban a 2021, aka koma Alƙahira a 2023, aka yi a Aljiyas a 2025, kuma an ba Legas ta karɓi ta 2027. Mun san abin da wani zai ce: wace yarjejeniya, bayan an rufe mana iyakoki daga Agustan 2019 har Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, dabbobi da albasa da wake suka maƙale a hanya? Wannan ƙorafi a kan hanya yake, mu muka fi kowa jin zafinsa. Amma a lura da abu guda. Duk lokacin da aka rufe ko aka buɗe, wanda ke da takarda shi ake kira teburin shawara, shi ake ba izinin wucewa. Wanda cinikinsa duka a baki yake da amana, shi ake kira ɗan fasa-ƙwauri ko da kakansa ne ya share hanyar. Cinikin nahiya da ake ta yi wa biki yanzu, mu muka fara shi tun babu iyaka. In muka yi sake, za a yi shi a kanmu ba tare da mu ba.

Maganar takarda ta kawo mu ga abin da ya fi ciniki girma, wato zamanmu a garin nan. Yaushe sunan Dei-Dei ke fitowa a rediyo da jaridu? A Mayun 2022 ya fito, lokacin rikicin da ya biyo bayan haɗarin babur, aka rasa rayuka, aka ƙone dukiya a kasuwar katako, ministan Abuja na wancan lokaci Muhammad Musa Bello ya ba da umarnin rufe kasuwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye gaba. A Janairun 2025 aka haramta sana'ar bola jari a birnin, aka dakatar da kasuwannin panteka na ɗan lokaci domin a tantance masu sana'ar. Tun 2006 aka kori 'yan acaɓa daga tsakiyar gari. Ko mutum ya yarda da waɗannan matakai ko bai yarda ba, darasinsu ɗaya ne: a idon mai ofis, mu taro ne maras fuska, wanda ake tunawa da shi ranar matsala. Baje koli na cikin 'yan wuraren da minista da darakta da ɗan jarida ke yawo da ƙafa daga rumfa zuwa rumfa. Rumfa guda mai tsabta da sunan unguwarmu a samanta, da dattijo mai bayani da saurayi mai fassara, za ta faɗa musu abin da takardar koke goma ba ta faɗa ba. Tun 2024 akwai ma'aikatar tarayya ta bunƙasa kiwon dabbobi, a nan Abuja take. Shin shugabannin kara sun taɓa tsayawa gabanta a matsayin masu kaya, ba masu kuka ba?

Saboda haka maganarmu ta farko ga shugabanni take. Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, Sarkin Fawa, shugabannin dillalai da na kayan gwari, da iyayenmu mata masu ƙungiyoyin adashe: muna girmama ku, shi ya sa ba za mu yi muku kara a wannan ba. Ana karɓar kuɗin ƙungiya a kan kowace dabba da kowace mota da ta sauke kaya. Ba mu ce an ci ba. Muna tambaya ne: a cikin abin da ake tarawa shekara guda, ba za a iya ware na rumfa ɗaya ba? Mutum ɗaya ba zai iya ba, mun yarda, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma ƙungiyoyi huɗu ko biyar in suka haɗa, za su iya. A tura wakili ofishin cibiyar tun watan Yuni ko Yuli ya ji kuɗin rumfa da sharuɗɗa, ya tambaya ko akwai sassauci ga ƙananan 'yan kasuwa da ƙungiyoyi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Me za a kai? Ba za a ja bijimi cikin fili ba, amma za a kai hotunansa da lambar wayar da za a kira a kawo shi ko namansa har ƙofar gida, musamman ga masu biki da masu layya. A kai kilishi da dambun nama a cikin leda mai suna da adireshi. A kai busasshen tumatir da kuɓewa da garin kuka da yaji da daddawa da man shanu da zuma, kayan da matanmu ke yi a cikin gida suna sayarwa a kwano ba tare da kowa ya san sunansu ba. A kai takalma da jakunkuna na dukawanmu. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna a Turai tun ƙarnoni da suka wuce, amma da sunan Maroko aka san ta, saboda ta can ta bi. Kayanmu da sunan wani, tsohuwar cuta ce, kuma ba za ta warke da kanta ba.

Wani zai ce ai sai da lambar NAFDAC, sai da rajistar CAC, mu kuwa ba mu yi boko ba. To su wa suka yi bokon? 'Ya'yanmu nawa ne suka gama jami'a da kwalejin kimiyya suna zaune a gindin bishiya suna latsa waya? Yaron da ya iya buɗe shafi a Facebook da TikTok ya iya cike fom ɗin rajista ta intanet. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ma ba mutum ɗaya damar yin rajistar kamfani shi kaɗai. Masu POS da ke bakin titinmu, da aka matsa musu a 2024, ba su yi rajistar ba? Abin da aka yi don tsoron hukuma, a yi shi don neman riba. Irin waɗannan hukumomi sukan tura jami'ansu baje koli, inda za ka yi tambaya a tsaye ba mai gadi ya tare ka a ƙofa. In ba ka same su ba a shekarar da ka je, ofisoshinsu a garin nan suke.

Ga ɗaiɗaikunmu kuma da za su je ko da ƙungiya ba ta motsa ba, ga shawara. Kada a je ranar hutu da yamma, lokacin cunkoso da kiɗa, a je ranar aiki da hantsi sa'ad da masu rumfa ke da lokacin magana. A haɗu mutum huɗu ko biyar 'yan sana'a ɗaya a raba kuɗin mota, a bar yaran shago su riƙe ciniki na yini ɗaya. Kafin a tashi, kowa ya san abu guda da ke ci masa riba a sana'arsa, ya tafi neman maganinsa. A tafi da samfurin kaya da lambar waya a rubuce. A wuce rumfar mai maganin cuta arba'in ba tare da an tsaya ba, haka ma mai cewa ka sayi tikiti ka ci mota. Kada a ba kowa kuɗin kafin alƙalami a kan injin da ba a ga yana aiki ba, a karɓi adireshinsa a bi shi har shagonsa bayan an tashi. Wanda ya yi haka ya dawo ya ce bai ƙaru da komai ba, shafin nan a buɗe yake gare shi, ya rubuto mu buga.

Masu cewa baje koli ta manya ce su sani cewa babu mai gadin da ke tambayar girman mutum a ƙofa. Ta zama ta manya ne saboda ƙanana sun bar musu ita. Muna roƙon limamanmu su taɓo maganar a wa'azi, domin neman halal da kyautata sana'a ba baƙon abu ba ne a addininmu. Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su sa ta a ajandar taronsu na gaba, su kuma faɗa wa mambobi abin da aka yanke, ko a yi ko ba za a yi ba, da dalili. Mu kuma a namu ɓangare, in Allah ya kai mu Oktoba, za mu je filin mu zagaya, mu dawo mu buga a wannan shafi sunan kowace ƙungiyar Dei-Dei da muka ga allonta. In ba mu ga ko ɗaya ba, wannan ma za mu buga.

Allah ya yi wa kasuwanninmu albarka, ya zaunar da unguwarmu lafiya, ya ba shugabanninmu ikon jin gaskiya ko da daga bakin na ƙasa da su ta fito. Wassalam.